Ajin da Babu Mai Leƙawa



A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda cutar korona, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU kuma ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Tun daga lokacin karatu ta intanet ya daina zama baƙo a wurinmu. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, ta daɗe a kan wannan hanya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Yau matashi yana iya zama a Masama, da safe yana gona, da yamma yana sauraron malamin da bai taɓa gani ido da ido ba. Wasunku ɗalibai ne a irin wannan aji, wasunku kuma gobe ku ne malaman. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi magana.

A aji na gini, kamar na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan Kalgo, akwai idanu a kan malami. In ya makara, ɗalibai sun gani. In bai zo ba, labari zai kai ga shugaban sashe. A intanet idanun nan sun ragu ƙwarai, abin da ya rage shi ne halin mutumin da kansa. Manzo Bulus, a Kolosiyawa 3:22-23, ya gargaɗi masu aiki kada hidimarsu ta zama ta ganin ido, amma su yi ta da zuciya ɗaya domin Ubangiji. Muna ganin babu inda wannan gargaɗi ya fi dacewa a zamaninmu kamar ajin waya.

Mu fara duba abin da ɗalibi ke biya. Kafin yaro daga ƙauye ya shiga darasi, ya kai wayarsa wurin mai caji, ya sayi data, wataƙila ya fita bayan gari neman inda sabis ya fi ƙarfi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, don haka kowane minti da nauyinsa a aljihun iyaye. Malamin da ya sa lokaci bai fito ba, ko ya turo tsohon darasin da ya naɗa shekarun baya ba tare da ya sake dubawa ba, ko ya bar tambayoyin ɗalibai mako uku babu amsa, ya karɓi kuɗin mudu cike ya auna rabi. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Allah yake ƙin ma'aunin algus. Ba mai awon gero a kasuwa kaɗai ayar ta shafa ba. Maki ma awo ne, kuma wanda ya ba da maki a kan aikin da bai karanta ba ya cuci mai ƙoƙari, ya kuma ruɗi malalaci.

Sai maganar da ta fi nauyi. A Oktoban 2019 BBC ta fitar da binciken da ya tona yadda wasu malaman jami'a a Legas da Gana ke neman 'yan mata da alkawarin maki. Wancan a ofis ne, inda akwai ƙofa da masu wucewa. Yanzu lambar kowace ɗaliba tana hannun malami, saƙo kuma yana shiga ɗakinta da tsakar dare ba tare da sallama ba. Malami mai tsoron Allah yakan kafa wa kansa shinge tun kafin jaraba ta zo: maganar karatu a dandalin aji inda kowa ke gani, a lokacin aiki, da harshen da ba zai ji kunya ba in matarsa ko mahaifin yarinyar ya karanta. Ke kuma 'yar'uwa, in saƙo ya kauce daga karatu, kada ki goge shi. Ki ajiye, ki nuna wa babba da kika amince da shi, a kai maganar ga hukumar makaranta.

Ba mu manta da wahalar malamai ba. Bayan yajin aikin wata takwas na 2022 gwamnati ta riƙe musu albashi, da yawansu kuma daga aljihunsu suke sayen data da man janareta. Neman haƙƙinsu daidai ne, muna tare da su. Amma ɗan talakan Masama ba shi ya riƙe albashin ba, bai kamata a huce a kansa ta hanyar tilasta masa sayen takardun darasi kafin ya ci jarrabawa ba. Muna kuma yaba wa malaman da sukan rage nauyin bidiyo su mai da shi murya don data ta isa, da waɗanda in sabis ya yanke wa ɗalibi ana tsakar gwaji sukan bincika kafin su yanke hukunci. Wannan shi ne adalci haɗe da jinƙai.

Yakubu 3:1 ya faɗakar da mu cewa masu koyarwa za su sha shari'a mafi tsanani. Amma kada ɗalibi ya ce maganar ta wuce shi. Wanda yau ya sa wani ya rubuta masa gwaji, ko ya kwafo amsa daga ChatGPT ya sa sunansa, shi ne malamin gobe da zai sayar da maki, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan mako mu yi aikinmu da hannunmu, mu kuma aika saƙon godiya ga malami ɗaya da ya riƙe amana.

Ya Ubangiji, kai mai gani a ɓoye, ka ba malamanmu aminci da abin biyan bukata, ka tsare 'ya'yanmu mata, ka sa mu zama masu gaskiya ko babu mai dubanmu. Cikin sunan Yesu, amin.