MU LEƘA KICIN: Dambun Da Zai Fidda Amarya Kunya Gaban Uwar Miji

Wannan fili namu ne na 'yan mata da amare, har ma da samarin da ke leƙo mu a ɓoye. Ku daina ɓoyewa, mun san kuna karantawa!

A wannan watan wasiƙa ce na samu daga wata ƙanwata, wadda ta roƙe ni in sakaya sunanta. 'Yar Sule Tankarkar ce, an kawo ta aure Gumel wata biyu da suka wuce. Ta ce uwar mijinta za ta zo daga Gagarawa ta kwana ɗaya, kuma wannan ne karo na farko da za ta ci girkinta. Maigidan yana da ƙoƙari, amma abin hannunsa ba yawa. Wata ƙawarta ta ba ta shawarar ta sayar da ɗan kunnenta na lefe, ta haɗa irin teburin da take gani a fim: soyayyiyar shinkafa, kaji, haɗin salak da lemon kwali. Shi ne take tambaya ta, "Anti, in sayar ko kar in sayar?"

Ƙanwata, kar ki sayar. Mayar da ɗan kunnenki cikin akwati ki kulle, ki zo mu shiga kicin.

TEBURIN FIM DABAN, NA GIDA DABAN

Ni ma ina son kallon wurin nan da jaruma ke jera kuloli a kan tebur, Alhaji ya sauko daga bene yana gyara babbar riga. Amma ku tuna, gidan nan galibi na aro ne ko na haya, abincin kuma furodusa ne ya biya. Kafin darakta ya gamsu, an maimaita ɗaukar fitowar har abincin ya huce. Ke kuwa ba furodusa gare ki ba, kuma in kin ci bashi babu mai cewa "kat" a tashi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ku tuna fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya. Zubainar da Fati Mohammed ta fito a matsayinta 'yar aiki ce a gidan sarauta, ba ta da ko sisi, amma ita ta tafi da zuciyar yariman da Ali Nuhu ya fito, ta tafi da ta 'yan kallo.

Sannan ki duba zamanin da muke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, cefane ya bi shi. Mutanen Maigatari kuma sun ga rufe iyaka har sau biyu: daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga 2023 bayan juyin mulkin Nijar zuwa Maris ɗin 2024. Dattijuwar da ta ga duk wannan, in ta tarar da kaji uku a gidan ɗanta, kafin ta kai loma baki lissafi za ta fara yi. A ranta cewa za ta yi, "Wannan yarinya za ta ƙarar min da yaro."

ARZIKIN DA KE ƘOFAR GIDANKI

Ke da kike ƙasar Gumel, Allah ya riga ya yi miki cefane. Ƙananan hukumomi huɗun nan na masarautar, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar gero ce da riɗi da zoɓo da gyaɗa. Riɗin Jigawa har Japan da Sin da Turkiyya ake kai shi. Zoɓon da kike rainawa kuwa, jirgin ruwa ke kwasar sa zuwa Mekziko, inda suke kiran sa jamaika, suna sha da kuɗinsu. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na ci, mutanen Nijar na shigowa da dabbobi. Ki ba maigida saƙo ko wani ɗan uwa mai zuwa, ya taho miki da zabuwa.

Ga abin da za mu haɗa: dambun shinkafa mai zogale da riɗi, zabuwa mai jajjage, zoɓo mai sanyi, sai kantun riɗi na taɓa baki. Wannan awon na mutum uku ne.

KAYAN HAƊI

Tsakin shinkafa, gwangwanin madara 4
Zogale ɗanye, cikin hannu 4
Zabuwa 1
Albasa manya 3
Attaruhu 5, tattasai 4
Karas 2, in akwai
Soyayyiyar gyaɗa, rabin gwangwani
Riɗi, gwangwani 1 da rabi
Man gyaɗa, gwangwani 1
Zoɓo, gwangwani 2
Sukari, gishiri, magi, citta, kanumfari, tafarnuwa, masoro

Tsakin shinkafa za ki nema a wurin masu injin casa ko masu awo, ya fi tsayayyiyar shinkafa sauƙin kuɗi. In ba ki samu ba, ki kai shinkafar gida inji a ɓarza miki, ki tankaɗe garin ki ajiye don kunu. Kar ki ƙara awo don burga. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai, gaskiyar tukunya ce.

DA SAFE: RIƊI DA ZOƁO

Ki fara da riɗi. Ƙasarmu ta rairayi ce, don haka sai kin rege shi sosai a ƙwarya kamar yadda ake rege gero. Tsakuwa ɗaya a bakin uwar miji ta isa ta rushe aikin yini guda. Ki shanya ya bushe, ki soya a busasshen kasko da wuta kaɗan, kina juyawa. Da ya fara tsalle yana ƙamshi ki sauke, in ya yi baƙi ɗaci zai yi. Ki ɗebi rabin gwangwani ki ajiye don dambu.

Sauran gwangwani ɗayan na kantu ne. Ki zuba sukari rabin gwangwani a kasko, wuta can ƙasa, har ya narke ya yi kalar zuma. Ki juye riɗin ki gauraya da sauri, ki zuba a farantin da kika shafa wa mai, ki murza da kwalba ya yi fale-fale, ki yanka tun da ɗuminsa. Kar ki kuskura ki sa yatsa a narkakken sukari, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa. In haƙoran Inna ba su da ƙwari, ki daka nata riɗin da ɗan zuma ko mazarƙwaila ki mulmula ƙanana.

Zoɓo kuma ki wanke shi a ruwan sanyi da hanzari don rairayi ya fita. Ki zuba ruwa lita 2, ki sa dakakkiyar citta da kanumfari kamar guda 8, ya tafasa minti 15. Ki tace, ki sa sukari daidai misali. Wasu na jefa kanwa don kashe tsami, amma tana mayar da kalar baƙi-baƙi, ke kuwa ja mai kyau kike so. In ba wuta, ki zuba a jarka ki tsoma cikin randa tun safe. Ki tambayi maigida a asirce ko Inna na da ciwon sukari, in akwai ki ware nata ba sukari.

BAYAN AZAHAR: ZABUWA

Zabuwa ba kazar gidan gona ba ce, namanta na da tauri, amma ɗanɗanonta ya fi. Ki yanka ta gida takwas, ki wanke, ki ɗora da albasa 1, tafarnuwa, citta, masoro, gishiri da magi. Ruwan ya ɗan sha kanta. Ki bar ta a wuta matsakaiciya kamar minti 50 zuwa awa ɗaya, har sai cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Ki tsame naman, ki adana romon, don shi ne sirrin girkin nan gaba ɗaya.

Ki soya naman sama-sama ya yi ja. Ki jajjaga attaruhu 3 da tattasai 3 da rabin albasa, ki soya a ludayin mai ɗaya, ki zuba ɗan romo, ki mayar da naman ciki ki rufe minti 5. Ki bar shi da ɗan ruwa-ruwa, domin dambu na son abin da zai jiƙa shi.

In kuɗin zabuwa bai samu ba, babu abin kunya. Da damina ƙwan zabi na yawa, ki dafa 6 ki sa cikin jajjagen. Busasshen kifin Haɗeja ma ya yi, awara ma ta yi.

BAYAN LA'ASAR: DAMBU

Ki wanke tsakin sau biyu, ki tsane a gwagwa minti 10. Ki ɗora ruwa a tukunya, ki aza madambaci, ki tabbata ruwan ba ya taɓo gindinsa. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a ciki. Mahaɗar tukunya da madambaci ki naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, don in tururi na tsiyaya ta gefe, sai ki ƙone ice a banza tsaki na nan ɗanye. Ki zuba tsakin ba tare da kin danna ba, ki rufe, ya turara minti 25.

Kafin nan ki tsinke zogale, ki cire duk 'yan sandunan, ki wanke da gishiri. Ki yanka rabin albasa da karas ƙanana, ki jajjaga sauran attaruhu da tattasai, ki daka gyaɗa sama-sama.

Ki juye tsakin a roba mai faɗi, ki wargaza da muciya. A nan ne mutane ke yayyafa ruwa, ke kuwa romon zabuwa za ki yayyafa, kaɗan-kaɗan, kina juyawa. Daidai ruwa daidai tsaki: ki dunƙula a hannu, in ya haɗu kuma ya warware da kin taɓa shi, ya yi. In ya manne kamar tuwo, ruwa ya yi yawa, ki baza shi ya sha iska. Sai ki zuba zogale da su albasa da gyaɗa da magi da gishiri da ludayin mai ɗaya, ki cakuɗa, ki ɗanɗana. Ki mayar madambaci minti 20 zuwa 25, har zogalen ya yi laushi.

Daga ƙarshe ki soya albasar da ta rage a sauran man har ta yi ja. Da kin sauke dambu ki kwarara wannan man, ki barbaɗa soyayyen riɗin nan a kai. Ƙamshin kaɗai zai sa maƙwabta su fara aiko yara gaisuwa!

YADDA ZA KI GABATAR

Ki gama komai kafin Magariba, ki yi wanka, ki sa turaren wuta a ɗakin da aka sauki Inna. Ki shimfiɗa sabuwar tabarmarki ta gara. In kina da akushi ki zuba dambun ciki ki rufe da faifai mai ado. Dattijai na jin daɗin ganin amarya ba ta raina kayan gida ba. Zabuwa a kwanonta daban, ki ɗora mata cinya da ƙirji a sama. Ki ajiye ruwan wanke hannu da ruwan sha kusa, don dambu na shaƙe mai gaggawa. Ki caja fitila tun da rana.

Ki durƙusa ki ce, "Inna, ga abinci," ki ja da baya ki ba ta wuri ta sake. Kar ki tsaya kanta kina jiran yabo, kuma kar ki fara ba da haƙuri wai abincin bai yi daɗi ba. In ta ce "Allah ya yi miki albarka," kin gama cin jarrabawa. Da safe ki ƙulla mata sauran kantun ta kai wa jikoki Gagarawa, su za su yi miki talla a dangi.

Ku kuma angwaye, kunnenku nawa? Ku kawo cefane da wuri, kar sai la'asar sakaliya ku shigo da zabuwa da ranta. In an ci an ƙoshi, ku buɗe baki ku ce an gode, ba ya rage wa namiji komai. Samarin da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ku ma ku gwada wannan dambun ranar da kuka je hutu, ku ba mahaifiyarku mamaki.

Ƙanwata, ina jiran wasiƙarki ta biyu, ki faɗa min abin da Inna ta ce, kuma ki tabbatar min ɗan kunnen nan yana kunnenki ranar. Sauran masu karatu, duk mai tambaya kan girki ta aiko ta adireshin mujalla. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi burabuskon gero da miyar riɗi. Ku huta lafiya.