Abu Hujar: kafin a zuba guba a lambunan lemu

Tun da sojoji suka ƙwato Sinja daga hannun dakarun RSF a watan Nuwamban 2024, mutanen Abu Hujar da ƙauyukan Hausawa na bakin kogin Shuɗin Nil suke ta ƙoƙarin tayar da lambunansu. Bishiyar lemu da ta yi watanni babu ban ruwa, injin ya lalace ko man dizal ya gagara, ta riga ta galabaita, kuma irinta ne ƙwaron ɓawo ya fi samu da sauƙi, wanda ake kira hashara ƙishriyya da Larabci.

Mutane da yawa ba su ma ɗauke shi ƙwaro ba, don ba ya motsi. Zai manne a reshe da ganye da jikin lemu kamar ƙananan ƙuraje, yana tsotse ruwan bishiyar ta ƙarƙashin ɓawonsa har ganye ya yi rawaya ya zube, reshe ya bushe. Wani nau'insa kuma yana fitar da ruwa mai danƙo, asala, baƙin fumfuna ya hau kai.

To, abin da ke damuna shi ne gaggawar zuwa kasuwa a sayo guba, wani lokaci a kwalbar da ko takarda babu. Babban ƙwaron yana cikin sulkensa, feshi bai cika kai masa ba. Waɗanda ke mutuwa su ne masu cinsa: abul id, ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigo, da wasu ƙananan zanzaro da ke yin ƙwai a jikinsa. A Kaliforniya ta Amurka, wani abul id da aka kawo daga Ostireliya a 1888 ya ceci lambunan lemu daga wani ƙwaron ɓawo, sai DDT ya kashe shi a ƙarshen shekarun 1940, annobar ta dawo. Ba sai mun je nesa ba ma: dattawan da suka yi aikin auduga a Jazira sun san yadda farin ƙuda ya gagari kowa a ƙarshen shekarun 1970, bayan feshi a kan feshi.

Abin da ke aiki ba shi da tsada. A fara da ruwa. A sare rassan da suka cika da ƙwaron a ƙona, iska da rana su shiga. A hana tururuwa hawa, don ita ke gadinsa saboda zaƙin asala. In ya zama dole a yi feshi, man feshi na bishiya ya fi, lokacin da ƙananan suka ƙyanƙyashe suna rarrafe, kuma da sanyin yamma. A zafin Afrilu ko a kan bishiya mai ƙishi, ƙona ganye zai yi.

Amma wa zai gaya wa manomi lokacin ƙyanƙyasar? Hukumar binciken aikin gona tana Wad Madani, garin da ya yi fiye da shekara a hannun RSF, daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025. Ma'aikatar gona ta jihar Sinnar ta dawo da malaman gona ƙauyuka, ta kuma riƙa duba dashen lemu kafin ya shiga kasuwa, domin ta jikin dashe ƙwaron ke shiga lambun da ba shi da shi.