Ribar gyaɗa an lissafta ta, leburan fa?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai ƴan siyasa su sauka Tasawa da Mayahi da zance guda: za su maido da zamanin gyaɗa, masana'antu su tashi, kuɗi su yawaita. Alhazai su yi tafi, ma'aikatan gwamnati su gyaɗa kai. Babu mai tambayar a bayan wa aka ɗauki wannan arziki.

Gaskiya ne, gyaɗa ta gina Maraɗi. Kamfanonin Nasara irin su CFAO da SCOA sun buɗe kantuna, SICONIGER ta fara matse mai a 1942, SONARA kuma ta karɓe cinikin tun daga 1962. A shekarun 1960 fiye da rabin kuɗin da Nijar ke samu daga kayan da take fitarwa waje na gyaɗa ne. Wannan duka yana rubuce a takardun hukuma, tan bayan tan.

Abin da ba a rubuta ba shi ne talakan ƙauye. Haraji sai da tsabar kuɗi, don haka ya rage gonar hatsi ya shuka gyaɗa. Matansa da ƴaƴansa su ɓare ta, babu lada. In kaka ta yi, shi kansa ya zo bakin sikeli ya zama ɗan dako, yana saɓa buhu mai nauyin ƙato yana ɗora wa mota, ya kwana a rumfar kasuwa cikin hunturu. Ciniki na ƙarewa a sallame shi. In baya ya ƙage, sai gida. Hanyoyin da motocin suka bi ma da aikin tilas aka share su, aikin da ba a soke ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946.

Masu kare wancan zamani za su ce ai an yi dokar ƙwadago a 1952, mai ƙayyade awa 40 a mako. An yi. Amma doka ta san mai takardar albashi ne, akawu da direba da magatakarda. Leburan kaka ba ya cikin rajista, sufeto kuwa ba ya neman wanda ba shi da suna. Ko a Ingila, dokar masana'antu ta 1833 ba ta yi haƙori ba sai don an naɗa mata sufetoci masu shiga masaƙa su duba. Ƙungiyoyin ƙwadago na Nijar su ma ba su fita laifi ba: ƙarfinsu a ofisoshi da makarantu ya tsaya.

Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya cinikin, SONARA ta rushe daga baya. Manyan ƴan kasuwa suka juya ga wasu hajoji, manyan ma'aikata suka sami fansho. Jikokin ƴan dakon kuwa su ne samarin da ke barin Mayahi da Tasawa kowace rani, suna tura baro a Kano, suna shiga ramukan zinariya a Jado, har yanzu babu kwantiragi, babu lambar asusun CNSS.

Saboda haka ɗan takarar da ya zo da alkawarin masana'anta, kafin a tafa masa, ya faɗa wa jama'a nawa ne ladan yini, wa zai biya magani in buhu ya karya mutum, kuma sufeto nawa zai ajiye a Tasawa.