Da A Yage Shafi, Gara A Ɗauke Shi A Waya

Kwanakin baya na raka ƙanena wani laburare a nan cikin garin Bauchi, yana neman babi guda a wani tsohon littafin tarihi domin kundin kammala digirinsa. Mun samu littafin, amma babin da muka zo dominsa babu shi. Wani ya sa reza ya yanke shafi goma sha huɗu. A jikin bango kuwa ga sanarwa: an hana ɗaukar hoto da waya. Injin fotokwafi na can a lulluɓe, babu wuta.

Ra'ayina shi ne wannan hanin ba ya kare littafi, cutar da shi yake yi. Ɗalibin da ya biya kuɗin Keke daga Yalwa ko Gwallameji, aka ce ba zai fita da littafi ba, ba zai ɗauki hoto ba, fotokwafi kuma babu, idan imaninsa mai rauni ne reza zai nema. Ba ina wanke shi ba ne, ɓarawo ne, ya kuma zalunci duk wanda zai zo bayansa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi kansa fotokwafin ba alheri ba ne ga tsohon littafi. Sai an kifa shi a kan gilashi an danne bayansa, ɗinki ya saki, takardar da ta sha zafi da ƙurar hunturu ta kakkarye. Waya kuwa ba ta taɓa takarda. Kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar cikakken shafi har ƙananan rubutun ƙasa su fito tar.

Sai dai abin yana da ƙa'ida. Ka nemi izinin ma'aikaci tukuna. Ka zauna kusa da taga, ka kashe filasha, domin haskenta na ƙyalli a takarda ya ɓoye rubutu. Kada ka tilasta wa littafi ya buɗe fiye da yadda yake so. Ka tokare gefe guda da wani littafin ko hularka. Kada ka sa yawu a yatsa wajen juya shafi. Idan shafukan na da yawa, hannu zai yi rawa, to ka samu kwalin taliya, ka yanke gefensa biyu don haske ya shiga, ka huda samansa daidai idon kyamara, ka ɗora waya. Ka samu sikana ke nan ba ka kashe ko sisi ba. Ka riƙe fawabank, don batir ba ya jure wannan aikin.

Manhajoji irin su Adobe Scan, CamScanner da vFlat suna miƙar da shafin da ya lanƙwashe, su haɗa hotunan su zama PDF guda. Manhajar Google Drive ma tana da wurin yin haka. Ita kuwa sikanar hannu mai kamar sanda, wadda ake jan ta a kan shafi, ban ba da shawararta ga tsohuwar takarda ba, gogar ta take yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da shafin farko. Kafin komai ka ɗauki sunan littafi, marubuci, maɗaba'a da shekara, ka tabbata lambar kowane shafi ta fito. Na san waɗanda suka tara hoto ɗari uku, ranar rubuta manazarta suka rasa daga wane littafi suke. Idan za ka tura ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya dushe. Ka ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar, don waya ana sace ta, tana kuma faɗawa ruwa. Manhajar da ke mai da hoto rubutu kuma tana yawan tuntuɓe da ƙ, ɗ da ɓ, ajamin hannu kuwa sai a hankali. Ka bi da idonka ka gyara.

Masu hanin suna da hujja, kuma ban raina ta ba: haƙƙin marubuci. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, amma ta bar ƙofar amfani na adalci domin nazari da bincike. Ɗaukar babi don karatunka daban, kwashe littafin marubuci mai rai kaf ka watsa a guruf daban. Na biyun cin gumin wani ne, marubutanmu na Hausa sun daɗe suna kuka da shi. Maganin shi ne laburare ya sa iyaka a rubuce, ya ware teburi a gaban ma'aikaci, ba ya rufe ƙofa gaba ɗaya ba.

Maganar ma ta wuce laburare. Garin da Malam Yakubu ya kafa, garin Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, bai rasa takardu ba. A gidajen malamai a Jahun, Nasarawa da sauran tsofaffin unguwanni akwai gafakoki cike da rubutun hannu, wasiƙu da waƙoƙin ajami, gara da yoyon damina na cin su a hankali. Mu tuna Timbuktu: a watan Janairun 2013 'yan bindiga sun ƙona dubban rubuce-rubuce a Cibiyar Ahmad Baba, da yawa daga cikin waɗanda suka tsira kuwa sai da mutanen gari suka kwashe su a ɓoye zuwa Bamako. Takardar da babu kwafinta, dare ɗaya ya ishe ta.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu abu biyu. Na farko, a rubuta wa hukumomin laburare na garin nan, cikin ladabi, su halatta ɗaukar hoto bisa sharaɗi. Na biyu, a ware Asabar guda a koya wa matasanmu wannan aiki, sannan su fara da gafakar kakanninsu, da yardar masu gida, kwafi kuma ya zauna a hannun iyalin.

Ƙanena dai sai da ya je har Zariya kafin ya samu shafukan nan goma sha huɗu. Kuɗin motar da ya kashe ya isa ya sayi fawabank.

Allah Ya sa mu gyara.