Littafin Kyauta Da Hakkin Mai Rubuta Shi

Akwai wata magana da ta taso a manyan makarantu wadda ya kamata malamai da attajirai su ba ta kunne, watau maganar litattafan da masu su ke saki kyauta, kowa ya karanta, ya kwafa, ya fassara, ba biya ba neman izini, muddin dai ya ambaci sunan mawallafi. Hukumar UNESCO ta raɗa wa abin suna a 2002, sa'an nan a 2019 ta shawarci ƙasashen duniya su tallafa masa. A Nijeriya kuwa, jami'ar NOUN ta karatu daga gida ta zuba litattafan darussanta a intanet domin duk mai so.

Wanda ya san gafaka ya san wannan ba baƙon abu ba ne. Da Nurul Albabi na Shehu Usmanu, da Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi, da Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Bello, duk da alƙalamin masu kwafa suka bazu, ba wanda ya kulle su. Amma fa takarda ba daga sama ta faɗo ba. Fatake ne suka ratso Sahara da ita daga Tarabulus, masu hali suka saya, suka ɗauki nauyin marubuci har ya kai tammat. Ilmi kyauta ne, amma mai yi masa hidima da ciki yake.

To, ga shi yau a Talata Mafara akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau tun 1992, ga jami'ar jihar Zamfara da aka kafa a 2018, ga kwalejin aikin gona a Bakura. Yawancin ɗalibansu 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa, littafin ƙetare kuwa ya fi ƙarfin aljihunsu. Malamin da zai tsara musu nasu yana bukatar watanni, da kwamfuta, da wuta, da mai duba masa kuskure. In ba a biya wannan wahala ba, lalle ɗayan biyu ne: ko ya ajiye alƙalami, ko ya mai da takardun darasi haja yana sayar wa ɗalibi.

Saboda haka asusun TETFund, wanda aka yi wa doka a 2011, kuma yake da kason buga rubuce-rubucen malamai, ya kyautu ya gindaya sharaɗi: littafin da dukiyar jama'a ta haifa ya zama na jama'a. A biya malami hakkinsa cikakke, a sa aikin cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, sa'an nan a saki littafin.

Kada kuma a dogara ga intanet kaɗai. Mutanen Zamfara ba su manta Satumba ta 2021 ba, sa'ad da aka rufe layukan waya makonni saboda matsalar tsaro. Littafin da ke cikin gafaka shi ya yi amfani a kwanakin nan. A nan ne attajirai za su gāji fataken da. Mutum ɗaya na iya ɗaukar nauyin buga littafi ɗaya ya zama wakafi, ko da kansa ko ta hannun Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha.

A duba misali. In malamin Bakura ya rubuta littafi a kan noman rani na madatsar Bakolori, tun da an halatta fassara, malamin allo na iya juya shi zuwa Hausa da ajami, manomin Maradun ya karanta a bakin fadamarsa. Wannan shi ne ribar da ba ta ƙarewa da tashin kasuwa. Allah ya sa masu iko da masu hali su gane, amin.