John Keegan da Ƙananan Sojoji

John Keegan bai taɓa sa kakin soja ba, domin cutar tibi ta kama masa ƙashi tun yana yaro, ta bar shi da ɗingishi. Duk da haka, daga 1960 zuwa 1986 yana makarantar soja ta Sandhurst yana koyar da hafsoshin Birtaniya tarihin yaƙi. A littafinsa na 1976, The Face of Battle, ya ajiye janar-janar da taswirorinsu gefe, ya bi ƙananan sojoji zuwa fagagen yaƙin Agincourt da Waterloo da Somme: tsoronsu, raunukansu, har giyar da suke kurɓa kafin a gwabza. Nan gwanintarsa take. Amma goyon bayan da ya ba mamayar Iraƙi a 2003, ni dai a ganina malam ya yi tuntuɓe. Wanda ya rubuta labarin Somme ya fi kowa sanin abin da ke jiran yaran da ake turawa fagen daga.