Jan Tirela a Hanyar Burji: Tawakkali ne ko Ganganci?

  

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a lokacin girbin shinkafa, ya san irin abin da ke fitowa daga ƙananan hanyoyin burji da suka ratsa fadamar Rima: tarakta na janye da tirela maƙare da buhuna, a saman buhunan kuma ga leburori sun yi layi, ko a-kori-kura ta ɗauro tankin ruwa ko injin casa a bayanta, ko kuwa mota ta mutu a daji, an ɗaure ta da igiya ana fizga. Tun daga shekarar 2015, da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Birnin Kebbi, noman shinkafa ya bunƙasa, musamman bayan buɗe babban injin casa na Argungu a 2017. Wannan alheri ne. Sai dai kayan da ake ja sun ƙaru, alhali ilimin jansu bai ƙaru ba. Kuma idan abin ya auku, wal iyazu billahi, kalma ɗaya ce a bakin kowa: ƙaddara ce.

Ra'ayina a nan a fili yake. Jan kaya a hanyar da ba kwalta ilimi ne mai zaman kansa, wanda ya shige shi ba shiri ya yi ganganci ne da rayukan bayin Allah, kuma bai halatta ya ɓuya a bayan ƙaddara ba.

Domin mu fahimci haka, bari mu leƙa wata ƙasa da wannan al'amari ya zame wa jama'arta jiki, wato Ostareliya. Tsakiyar ƙasar da arewacinta daji ne mai faɗi, mai ƙarancin mutane, kuma mutanensu na da al'adar ɗaura ɗaki mai taya a bayan mota, da gado da wurin girki a ciki, su shiga dajin yawon buɗe ido. Ɗaya daga cikin sanannun hanyoyinsu ita ce ta Gibb River a yankin Kimberley, mai tsawon kusan kilomita 660, wadda babban ɓangarenta tsakuwa ce da gargada, kuma akan rufe ta idan ruwan damina ya cika koguna. Dokarsu ta wajabta wa duk tirelar da nauyinta ya haura kilo 750 ta kasance da nata birki, tare da sarƙar da za ta riƙe ta ko da ƙugiya ta kwance. Matafiyinsu kuwa ba ya tashi sai da ruwan sha na kwanaki, da safayar taya, sannan ya sanar da wani inda ya nufa da ranar da zai isa. Ba su fi mu son rai ba. Sun dai ɗauki darasi ne daga waɗanda daji ya cinye.

To, mene ne wannan ilimi? Na farko shi ne lodi. Kaya mafi nauyi wurinsa ƙasa, a kan tayoyin tirela ko ɗan gaba da su, ta yadda kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin zai danne ƙugiya. Idan aka jibge nauyin a baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama, kuma gwargwadon gudu gwargwadon kaɗawar, har ta kai ga juya motar da ke janta. Direban da ya ji haka ya taka birki da ƙarfi ko ya fizgi sitiyari, ya ƙara wa wutar fetur ne. Abin yi shi ne ya sassauta totur sannu a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe.

Na biyu shi ne gudu. Masana sun tabbatar cewa idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya tana ninkawa kusan sau huɗu. Wannan a kan kwalta ke nan. Ina ga burji, inda taya ke birgima a kan tsakuwa, ga kuma nauyin da ba shi da birki yana turo ka daga baya? Gargada kuma tana sa taya ta riƙa tsalle, ba ta kama ƙasa sosai, tana kwance notuna, tana karya sifirin. Saboda haka matafiyan Ostareliya kan ɗan rage iskar taya idan sun sauka daga kwalta, su rage gudu tare da ita, sannan su mayar da iskar idan sun hau titi. Bahaushe ya riga ya gama magana: sauri ya haifi nawa.

Na uku shi ne sanin lokaci. A hunturu, ƙurar motar da ke gabanka da hazo sukan rufe maka ido, kuma wanda ya yi yunƙurin wuce wani a cikin ƙura bai san ko garken shanu ne ko ɗan acaɓa ke zuwa ba. Da damina kuwa laka da zaizayar ƙasa ne, kuma ba mu manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta shafe gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar nan. Ruwan da ya rufe kwalbati ba ya gaya maka ko kwalbatin na nan ko ya tafi. Sauka ka duba, ko ka juya.

Na huɗu, wanda ya fi damuna, shi ne ɗora mutane a kan kaya. Ba a ƙera tirela don ɗan Adam ba. Rami ɗaya ya isa ya wurgo yaro ƙarƙashin taya. Haka nan jan matacciyar mota da igiya mai tsawo da dare, ba fitila ba alama, tarko ne ga duk mai zuwa.

Na san wani zai ce: Malam, ai talauci ne, man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, sawu biyu asara ce, kuma gyaran hanya aikin hukuma ne. Gaskiya ne, hukuma na da nata alhaki, kuma ya kamata mu ci gaba da tuna mata. Amma ɗaure sarƙa, da duba notuna, da gyara zaman buhu, da rage gudu, nawa suke ci? Kuma wace riba ce za ta biya ran magidanci ɗaya?

Game da ƙaddara kuwa, imani da ita rukuni ne, babu mai ja. Sai dai ba ta kore riƙo da sababi. Imamu Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Dubi kuma Hijira a shekarar 622: an tanadi raƙuma biyu, an ɗauki ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, Nana Asma'u ta shirya guzuri. Wa ya kai Annabi tawakkali? A zamaninmu ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direban da ya yi sakaci yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo. Kisan kuskure kuwa, ɗalibin Islamiyya ma ya sani, akwai diyya da kaffara a kansa.

Don haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wataƙila ba kai ke tuƙi ba, amma kai ne ɗan mai gonar, ko yaron motar, ko wanda ake cewa ya haye saman buhu. Ka tambaya cikin ladabi: an ɗaure sarƙa? Akwai safaya da jak? An ɗauki ruwa? Mutanen gida sun san hanyar da muka bi? Idan mota ta lalace a daji da rana tsaka, a zauna kusa da ita, a nemi inuwa, kada a watse. Sannan a karanta addu'ar tafiya da zuciya ɗaya, domin a lokacin ne addu'ar ta hau mazauninta.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a duk inda muka sa gaba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa mu dace, amin. Wassalamu alaikum.